Labulen Asusu a Jikin Maigidana

Daga:
Wakiliyar Iyalan Majinyata,
Ɗakin Maza na Biyu,
Asibitin Masu Taɓin Hankali na Gwamnati.

Zuwa ga:
Mai Girma Sakataren Zartarwa,
Hukumar Kula da Asusun Ajiya na Asibiti.

Ta hannun:
Babban Likitan Asibiti.

Litinin, 9 ga watan Yuni.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: UMARNIN KARƁE TUFAFIN MAJINYATAN ƊAKIN MAZA NA BIYU DA SUNAN LABULE, DA ABIN DA YA FARU RANAR ƘIDAYAR KAYA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ka da 'yan Hukuma baki ɗaya, ina neman izinin gabatar da wannan ƙorafi. Ni malamar firamare ce. Iyalan majinyatan ɗakin da na ambata ne suka zaɓe ni in wakilce su, ba don na fi kowa iya magana ba, sai don ni ce ba na fashin ranar ziyara. Maigidana yana jinya a ɗakin shekara ta biyu ke nan. A yau da nake rubuta maka wannan takarda ba riga a jikinsa, ba wando. Yana zaune a bakin gadonsa ya lulluɓa da zanen gado, ya ƙi fitowa in gan shi.

Na rubuta na yage ba sau ɗaya ba, domin ba ƙaramin abu ba ne mace ta rubuta wa namijin da bai san ta ba cewa mijinta ba shi da wando. Ina roƙon a yi mini uzuri idan alƙalami ya zame a wani wuri. Ga abubuwan da nake ƙorafi a kansu:

1. Kamar yadda aka sha yi mana bayani a taron iyalai, Asusun nan an kafa shi ne da hayar filaye da shagunan da gwamnati ta keɓe wa asibitin tun da daɗewa. Uwar kuɗin ba a taɓa ta. Ribar da ta haifa kuwa ana raba ta, kashi ya koma ajiya saboda gaba, kashi a yi wa asibiti hidima. Ba ni da ja a kan wannan, kuma na san ba don tsayuwar Hukuma ba da tuni wani ya yi gaba da filayen. Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na tara na ƙa'idojinku, wanda ya ce Asusu ba ya sayen komai sai kayan da ke daɗewa, wato gini da abin da ke maƙale da gini. Tufafi, in ji sashen, kayan ƙarewa ne, alhakin Ma'aikatar Lafiya ne. Mun je Ma'aikatar, sun ce asibitin da ke da Asusu irin wannan ai ba ya cikin masu kuka, mu koma wurinku. Mun dawo wurinku, an karanta mana sashe na tara. Haka muka yi ta kai da kawo, takalminmu yana cinyewa, rigunan mazajenmu ma suna cinyewa.

2. Mai karatu zai ce me ya hana mu kawo musu kaya daga gida. Doka ce ta hana, kuma doka ce mai dalili. A ɗakin maza na biyu ba a barin zariya ko maɓalli ko zif ko duk abin da mutum zai iya cutar da kansa da shi, kuma kayan kowa tare ake dafa su a tukunyar wanki ɗaya. Rigar asibiti kaɗai aka yarda a sa. Waɗanda ake da su kuwa sun mutu murus, har ta kai ana juya wando ɗaya tsakanin mutum biyu ranar da likita zai zaga. A waccan shekarar maigidana ya yi watanni bai fito ɗakin ziyara ba. Mutum ne mai tsananin kunya tun yana da lafiya, ko singileti ba ya zama da ita a tsakar gida idan ƙanwata ta zo. Ciwon ya ɗauke masa abubuwa da dama, amma bai ɗauke wannan ba. Sai dai in miƙa kwanon abinci ta hannun ma'aikaci, a dawo mini da shi wayam, in kama hanya.

3. Shugabar masu jinya ta ɗakin, wadda majinyata da mu duka muke kira Gwaggo, ita ce ta nemo mafita. Wani daga ofishinku, ban san ko wane ne ba kuma ban nemi sani ba, ya nuna mata cewa labule yana cikin kayan da ke maƙale da gini. Sai ta cike takardar neman labule guda saba'in. Takardar da ta yi shekara tana neman riga ba a amsa ba, ta labule ba ta yi wata guda ba aka sa mata hannu. Yadi ya zo, mai kauri, ruwan ƙasa da ɗigon ganye, an yanka shi labule-labule, kowanne an buga masa lambar Asusu a gefe da tawadar da ba ta fita. Telan asibiti ya mayar da kowane labule riga da wando mai roba a ƙugu. Lambar kuwa duk inda almakashi ya kai ta nan ta faɗa: wasu a cikin wuyan riga, wasu a cikin ƙugun wando ta baya.

Ba zan ɓoye maka ba, ranka ya daɗe, mun sani. Duk iyalai mun sani, kuma mun yi murna. Har tsokanar juna muke yi a benci cewa mazajenmu sun yi anko, wata ma ta ce nata ya fi kyau a cikin labule fiye da ranar aurensu. Ranar da maigidana ya fito cikin nasa, ya zauna ya gyara wuyan riga ya tambaye ni lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya, ban ga labule ba. Daga nan bai sake fashin fitowa ba, har likita ya fara zancen a ba shi gwajin kwana biyu a gida.

4. Ina so Hukuma ta lura da wani abu. Tagogin ɗakin maza na biyu ba su taɓa ganin labule ba, kuma ba za su gani ba, domin dokar da ta hana zariya ita ce ta hana sandar labule da duk wani ƙyalle mai tsawo a jikin taga. Wannan a rubuce yake a jikin ƙofar ɗakin, da manyan haruffa. Duk wanda ya sa hannu a takardar labule saba'in, ko dai bai taɓa taka ɗakin ba, ko kuma ya san abin da ake nufi ya kau da kai don tausayi. Idan na farko ne, abin dubawa ne. Idan na biyu ne, Allah ya saka masa da alheri, amma ina yake ranar da abin ya tashi?

5. Ranar Laraba, 14 ga watan Mayu, jami'an binciken Asusu suka zo ƙidayar kaya ta shekara, su uku, maza biyu da mace ɗaya. An gayyace ni a matsayina na wakiliya, aka ce za a yi ɗan taro da hoto bayan an gama. Ni kuma, da wautata, na ga dama ta samu, na ɗauko surukata. Inna tsohuwa ce, ƙafa ta hana ta zirga-zirga, rabonta da ɗanta tun kafin a kwantar da shi. Na daɗe ina cika mata baki cewa ya murmure, ya yi fes, ta zo ta gani da idonta. Ta sa kayanta na fita, aka ba mu kujeru a gaba, a barandar ɗakin.

Jami'an suka ƙirga gadaje, suka ƙirga fankoki da kabad. Da suka zo kan labule suka ɗaga kai suka ga tagogin ƙarfe tsirara. Gwaggo ba ta yi musu ƙarya ba, ta gaya musu inda labulen suke. Na ɗauka za su rubuta abin da ta faɗa su wuce. Babbansu ya ce aikinsu ba ya karɓar labari, doka ta ce sai ido ya ga lamba kafin a yi mata alama. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba, har ma ya ce a yi haƙuri. Sai aka fito da majinyata baranda aka jera su, fuska ga bango.

Yallabai, ban san da wace irin Hausa ake rubuta abin da ya biyo baya a takardar ofis ba. Ɗaya yana riƙe da takarda yana kiran lamba, ɗaya yana bin layi yana juya wuyan riga. Wanda lambarsa ba ta wuya, sai a ɗage masa riga a naɗe ƙugun wandon ƙasa har sai lamba ta fito, mai dubawa ya sunkuya ya karanta da ƙarfi, mai takarda ya amsa an gani. Ba a kira sunan kowa ba. Dattawa ne wasunsu, da furfura. Akwai wanda ya yi ta dariya, akwai wanda ya fara kuka aka janye shi.

Lambar maigidana sittin da uku ce, kuma a ƙugu take. Tawadar ta ɗan dushe da wanki, don haka mai dubawa bai gamsu ba, ya ƙara jan wandon, ya kira abokiyar aikinsa ta zo ta tabbatar ko uku ce ko takwas. Duk wannan a gaban mahaifiyarsa da matarsa, tazararmu da shi ba ta fi tsawon tabarma ba. Bai motsa ba. Bayan wuyansa kawai nake gani, da gumin da ke bin sa. Inna ta ja mayafinta ta rufe fuska.

Ni kuwa, wakiliya, mai baki a taro, ina zaune da jaka a cinya ban ce komai ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, amma ko tari ban yi ba, don ina tsoron kada in yi magana a ce iyalai sun hana jami'ai aiki, a huce a kan Gwaggo. Da aka gama aka ce a taso a yi hoto, na tashi na tsaya a hoton. Wannan abu yana cina har yau, kuma na rubuta shi ne don kada a ɗauka ina wanke kaina ina shafa wa wasu. Da muka koma gida muka kai ƙofa, Inna ta ce in bar ta ta shiga da kanta.

6. Ranar 20 ga watan Mayu takardarku ta fito. Ta ce an sami labule saba'in an sauya musu siffa ba da izini ba, don haka a tattara su a mayar sito kafin 30 ga watan Yuni, su zauna a can har kwamitin kadarori ya yi zamansa na gaba ya yanke hukunci. Ta kuma ce shugabar masu jinya ta yi bayani a rubuce. Na karanta takardar daga sama har ƙasa, na juya bayanta, ban ga inda aka faɗi abin da mutum saba'in za su sa ba daga ranar 1 ga watan Yuli. Na tambayi magatakardan ofishinku, ya ce wannan ba hurumin Asusu ba ne, in duba sashe na tara. Na kuma tambaye shi yaushe kwamitin zai zauna, ya ce sai an sami adadin mahalartan da ƙa'ida ta buƙata.

Game da Gwaggo, abin da zan ce kaɗan ne. Ko ƙyallen goge hannu ba ta kai gidanta ba daga yadin nan, ragowar ma tela ya haɗa su ya yi wa majinyata huluna. Idan laifi ne, to mu iyalai mun ci moriyarsa, a haɗa da mu.

7. Wannan shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. An manna kwafin takardarku a allon sanarwa na baranda, kuma maigidana yana karanta duk abin da aka manna. Kafin ciwo ya same shi, shi ne mai kula da sito a wata makarantar gwamnati, shekara ashirin da wani abu. Abokan aikinsa suna kiransa Sa-Hannu-Tukuna, domin ko alli guda ba ya fita daga hannunsa sai an sa hannu. Ni kaina, matarsa, na taɓa roƙonsa jan biro ɗaya in yi makin jarrabawa, ya ce in bari ya sayo mini a kanti. Mutum irin wannan ne ya tsaya ya karanta cewa abin da ke jikinsa kayan hukuma ne da aka taɓa ba da izini ba.

Ranar 22 ga watan Mayu da safe, kamar yadda Gwaggo ta shaida mini, ya tuɓe rigar da wandon, ya ninke su tsaf lamba tana sama, ya lulluɓa da zanen gado, ya kai mata tebur. Ya ce a karɓa a ba shi shaidar ya mayar, shi bai taɓa riƙe kayan gwamnati ba bisa ƙa'ida ba, ba kuma zai fara da tsufansa ba. Ta lallashe shi, ta ce wa'adi bai yi ba. Ya ce wa'adi na mai niyyar riƙewa ne. Likita ya yi masa magana, ya saurara da ladabi, ya ce likita ba shi ne mai kayan ba. Aka kawo masa wata rigar daga na waɗanda aka sallama, ya juya ta ya ga lamba ya mayar.

Tun daga ranar bai fita baranda ba, ba ya zuwa ɗakin cin abinci, sai a kai masa bakin gado. Lahadi uku ke nan ina zuwa ina zama a benci har a tashi. Saƙon da yake aiko mini ɗaya ne, cewa yana gaishe ni, in yi haƙuri, ba ya cikin shiri. Likita ya ce maganar gwajin gida an ɗage ta, domin mutumin da ya daina cuɗanya da jama'a baya yake komawa, kuma ya ce ba ƙarin magani ne zai gyara wannan ba. Yaranmu sun riga sun share ɗakin babansu sun wanke labulen tagarsa, ban da bakin gaya musu dalilin da ya sa ba zai zo ba. Na ce musu likita ya yi tafiya.

Saboda haka, cikin ladabi da sanin girman kujerarka, ina roƙon Hukuma kamar haka:

Na farko, a janye umarnin 20 ga watan Mayu, ko a dakatar da shi har sai an tanadi abin da majinyata za su sa. Sauran sittin da tara ba su san da wa'adin ba tukuna, kuma da yawansu ba su da mai zuwa duba su balle mai rubuta takarda.

Na biyu, Hukuma ta zauna da Ma'aikatar Lafiya a ɗaki ɗaya, a rana ɗaya, a yanke wanda tufafi ke wuyansa. Idan sashe na tara ne ya tare hanya, mutane ne suka rubuta shi. Ban ce a taɓa uwar kuɗi ba, ban ce a fasa ajiya ba. An sha gaya mana cewa ana tara ajiyar ne saboda majinyatan gobe, kuma na yarda, amma na yau ma da sunansu ake karɓar hayar.

Na uku, kada a sake ƙirga kaya a jikin mutum. Idan dole sai ido ya ga lamba, a je ɗakin wanki ranar wanki, duk suna nan a kan igiya.

Na huɗu, a bar Gwaggo ta yi aikinta.

Na biyar nawa ne ni kaɗai, kuma ina jin nauyin raba kaina da sauran da suka zaɓe ni, amma ba ni da yadda zan yi. Na san mijina. Ba zai mayar da kayan nan jikinsa don lallashi ba, ko da an janye umarni a baki. Takarda ce ta tuɓe shi, kuma ba abin da zai yarda da shi sai takarda. Ina roƙon layi biyu kacal a kan takardar ofishinka, da hatimi da sa hannunka, cewa an cire labule mai lamba sittin da uku daga kayan Asusu an mallaka masa. Idan ƙa'ida ba ta yarda a bayar kyauta ba, to a sayar mini. A yi masa kuɗi yadda aka ga dama, sabo ko tsoho, zan biya daga albashina, a rubuta rasit da sunansa ba da nawa ba, don shi zai karanta, kuma zai duba kwanan wata da hatimi kafin ya karɓa.

Zan zo ofishinka ranar Alhamis bayan an tashi daga makaranta, zan zauna a bencin waje, ba zan dami kowa ba. Ina fatan samun takardar kafin Lahadi, 15 ga wata. Jiya da yamma Inna ta aiko a kira ni, karo na farko tun ranar ƙidaya. Ba ta ɗaga ido ta dube ni ba, ni ma ban iya duban ta ba. Ta ce ranar Lahadi in zo in ɗauke ta, domin waccan ranar bayansa kawai ta gani, tana so ta ga fuskar ɗanta tun tana da sauran gani. Na ce mata to.

Ina neman afuwa idan na tsawaita ko na wuce gona da iri. Allah ya taya ka riƙon amanar da ke hannunka, ya ba mu lafiya baki ɗaya.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Wakiliyar Iyalan Majinyata,
Ɗakin Maza na Biyu.

Kwafi zuwa ga:
Babban Likitan Asibiti.
Shugabar Masu Jinya, Ɗakin Maza na Biyu.